Ranar da Na Hana a Kashe Injin

Na ji abin da kuka faɗa da na juya baya, kunnuwana lafiyarsu ƙalau. Wai aikin Hajiya Larai haruffa uku ne: ta zauna gaban baƙin allo, ta buga wa kwamfuta umarnin top, ta ƙura wa lambobi ido kamar mai duba, ta ɗauki jakarta ta tafi gida. To, ban musa ba, haruffa ukun ne. Wanda bai taɓa shiga aji ba ma in ka nuna masa sau ɗaya zai buga su. Kai mai farar hula, daina sunkuyar da kai, muryarka na gane. Tunda aikin nan kuka zo koya a wurina, ku kife wayoyin nan a kan tebur in ba ku labarin wata rana da muryar wani mamaci ta rataya a jikin lamba ɗaya cikin lambobin nan, matarsa kuma tana zaune a waje tana jira.

Akwai wata ƙungiya a nan Daura ta tsofaffin malaman makaranta da suka ajiye aiki. Ba su da abin yi sai hira, sai suka mai da hirar sana'a. Su hau babur ko motar haya su nufi Zango, su nufi Sandamu, har can bakin iyaka, su sami dattijo ko dattijuwa a gindin bishiya, su kunna 'yar rikoda su ce, "Baba, ba mu labarin aikinka." Maƙera, masaƙa, majema, ungozoma, manoma. Duk abin da suka ɗauko sai a juye shi a cikin wata tsohuwar saba da wani bawan Allah ya ba su kyauta, a goge rikodar a sake fita da ita. Saba dai babbar kwamfuta ce marar ado, aikinta ajiya da yi wa sauran kwamfutoci hidima, kuma ba a kashe ta. Tasu tana wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya a bayan ofis, ni nake duba musu ita duk Litinin da Alhamis.

Rannan Alhamis ce, a tsakiyar bazara, da hantsi. Na shigo na tarar da sakataren ƙungiyar, Malam Lawal, tsaye yana fifita da tsohuwar jarida. A kan bencin baranda kuma wata tsohuwa ce zaune, siririya, ta ɗaure kwano a cikin ƙyalle ta ɗora a cinya.

Malam Lawal ya ce, "Hajiya, gara da kika zo. Inna ce daga garin Babban Mutum. Mutanenmu sun yi hira da maigidanta bara kafin saukar damina, a kan zaɓen irin gero. Bayan kaka Allah ya yi masa rasuwa. Yanzu ta fita takaba, aka gaya mata muryarsa tana wurinmu, shi ne ta zo a sa mata a memori. Tun ɗazu nake son buɗewa daga kwamfutar ofis, abin sai juyawa yake."

Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata ta'aziyya. Ta ce, "'Yar nan, ko hotonsa ba mu da shi, bai yarda da hoto ba. Ni dai in ji maganarsa." Na ce mata, "Yanzun nan, Inna, in sha Allahu." Da zuciya ɗaya na faɗa, don a sanina aikin minti biyar ne.

Na tura ƙofar ɗakin injin, zafi ya mare ni a fuska. Babu wuta tun jiya, injin a kan batir yake. Na ajiye jaka na fito da kayana. Kun san su ai, kuna yi musu dariya: 'yar kwamfutata da haruffanta suka goge, shuɗiyar waya, burushin fenti na kaɗe ƙura, dogon sukundireba, ɗan ƙaramin faifan ajiya na ko-ta-kwana da nake naɗewa a tsohon ɗankwali, da littafina mai baƙin bango. Na jona waya, na shiga, na buga haruffan nan uku.

Kafin in faɗa muku abin da na gani sai kun san wanda ya koya min gani. Ni asalina mai buga tafireta ce. Da tafireta ta mutu, sai na sami wuri a shagon Oga Chidi kusa da tasha. Ibo ne, amma wallahi ya fi wasunku Hausa. A gaban shagon yana sayar da kayan gyaran babur da janareto, a baya kuma ya jera kwamfutoci takwas na masu shiga intanet, da wata ta tara a lungu da ke riƙe da su duka. Aikina buga wa mutane takardu. Wata rana ya lura ba na son linzamin kwamfuta, kullum ina ture shi gefe. Ya yi dariya ya ce, "Madam Larai, ke da baƙin allo za ku shirya. Shi ma ba ya son nuni da yatsa, ya fi son a yi masa magana." Ya jawo min kujera zuwa lungun.

Bai ba ni littafi ba, da injin niƙa ya koya min. Ya ce, "Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar injin, amma ki ɗauke ta mai niƙa. Ayyuka su ne masu kwano a layi. Lambobi ukun nan na sama tsawon layin ne, na yanzu, na ɗazu, da na can ɗazu. Ƙasa da su ga lambar aiki, wato kashi nawa cikin ɗari na lokacinsa yake niƙa. Ga lambar hutu, lokacin da ba kowa, ya miƙe ƙafa. Wannan ƙaramar ta gefe kuwa, mai w da a, ita ce lambar jira. Ga layi, ga inji a kunne, ga shi tsaye hannu a buɗe, amma hatsi bai iso daga rumbu ba. Rumbun shi ne faifai, inda inji yake ajiye komai." Wata uku bai bar ni na taɓa komai ba. Safe da yamma in duba in rubuta, shi ke nan. Ya ce in ban san kamannin inji ranar da yake lafiya ba, ba zan gane shi ranar da ya kwanta ba.

Ranar farko da ya bar min shago ya tafi Kano sarin kaya, ranar na yi ɓarna. Na duba na ga wani aiki can a saman jeri yana cin casa'in da tara. Na ce yauwa, ga ɓarawon. Na buga umarnin kashewa, ina jin kaina wata babbar injiniya. Ai kuwa kwamfutoci takwas suka sandare lokaci guda. Wani malami da ya shafe awa biyu yana cike fom ya miƙe ya dube ni, ya fita. Ashe aikin da na kashe shi ne ke riƙe da kowa. Da Oga ya dawo bai yi faɗa ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi min sauƙi. Tambaya ɗaya ya yi min: "Madam, in kika je gona kika ga wanda ya fi kowa gumi, shi za ki kora?"

Daga baya na fara yawon duba injinan mutane. Makarantar kuɗi, babban kantin magani, wurin rubuta jarrabawa. Kowa in ya kira ni maganarsa ɗaya ce, "Hajiya, inji ya yi nauyi." Akwai wata makaranta a hanyar Sandamu da suka yi kwana huɗu suna rantsuwa ƙwayar cuta ce ta shiga musu, har shugabar ta fara maganar sayen sabo. Na zauna, na duba, na ga lambar aiki a cike taf, jira kuwa babu. A saman jeri wani aikin buga takarda ne ya maƙale tun ranar Asabar yana ta zagaye a wuri ɗaya, don wani ya zare wayar firinta ya jona cajin waya. A wannan karon sai da na karanta sunansa sau uku, na bi asalinsa, sannan na sallame shi. Fankar injin ta sauke numfashi muna ji. Shugabar ta haɗa ni da ƙwan zabi cike da kwano, na goyo shi a acaɓa ina addu'a har gida.

Kuma duk inda na je, maganin mutanenmu ɗaya ne: a kashe a kunna. Rediyo, waya, talabijin, janareto, duk haka muke musu. Ba na zargin kowa, don sau da yawa yana yi. Matsalar ita ce ranar da ba zai yi ba, ba ta sanarwa.

To, mu koma ɗakin nan mai zafi. Allon da ya saba cika kafin in ɗaga yatsa, sai da na ƙirga goma sannan ya fito. Layin injin nan a ranar lafiya ba ya kai mutum ɗaya. Rannan na ga sha huɗu, sha biyu, tara, wato ƙaruwa yake. Na duba lambar aiki, biyu kacal. Mai niƙa ba ya niƙa komai. Na kai ido gefe, lambar jira ta haura tamanin. A ƙasa kuma ayyuka sun jeru, kowanne da harafin D a gefensa, alamar ya miƙa hannu ga faifai ya sandare a haka. Na ɗauki sukundireba na kafa bakinsa a jikin akwatin faifan, na ɗora kunne a kan mariƙin, yadda Oga yake sauraron injin babur. Na ji ƙas, ƙas, sai shiru mai tsawo, sai kuma ƙas.

Shekarar nan ita ce mummunar shekarata a sana'a. Taransifomar unguwanni ta yi ta ƙonewa, mai ya yi tsada, zafi kuma ya zo da wuri ya ƙi tafiya. Wuraren shiga intanet suka yi ta rufewa, kowa ya koma waya. Injina uku da nake kula da su suka mutu a hannuna cikin wata biyu. Amma na ƙungiyar nan ba zan ɗora wa zafi ba, laifina ne. Na buɗe littafina a wurin na duba baya. Lambar jira da ta saba zama sifiri ta fara nuna ɗaya tun cikin sanyi, sai uku, sai shida, sai goma. Da hannuna na rubuta su duka. Kullum in kalli lambar aiki in ga tana ƙasa, in ce lafiya lau, in rufe littafi. Faifan da nake yi musu kwafi kuma ya lalace tun kafin a yi hira da mutumin nan, na ce zan kawo wani, yau ne, gobe ne. Duk muryar da aka ɗauko cikin fiye da shekara guda, a faifan nan mai ƙas-ƙas kaɗai take a duniya.

Ina cikin wannan sai na ji Malam Lawal a kaina. Ya ce, "Hajiya, baiwar Allah nan tun asuba ta baro gida. Ki kashe ki kunna mana." Kafin in juyo, yatsansa har ya kai kan maɓalli.

Na ce, "Malam, cire hannunka."

Ya ce, "Ai ni ma kwamfutar ofis haka nake mata."

Na ce, "Malam Lawal, don girman Allah cire hannunka. In ka danna wannan, sai dai ka fita ka gaya wa Inna da bakinka."

Ya janye, ransa a ɓace, don ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma ban taɓa yi masa magana haka ba. Na sassauta murya na yi masa bayani. Faifan nan ya tsufa, ya yi zafi, ya daɗe yana juyawa bai tsaya ba. In ya tsaya, da wuya ya sake tashi. In ma ya tashi, injin zai ce sai ya bincike shi lungu-lungu kafin ya buɗe, kuma wannan binciken ne zai ƙarasa shi. Na ce, "Yanzu da ƙyar yake tafiya, amma yana tafiya. Abin da za mu samu, a cikin tafiyar nan za mu same shi." Muna cikin haka batir ya fara kukan nan nasa, tit, tit.

Na kira Oga Chidi. Shekaru sun wuce da barina shagonsa, amma ban gama bayani ba ya ce ga shi nan. Ya iso da ƙaramin janareto ɗaure a bayan babur, furfura ta cika masa kai. Ya gaida Inna da girmamawa, ya leƙo ɗakin, ya kalli allon sau ɗaya, ya ce, "Kai, rumbu ya rufta." Bai tambaye ni yadda aka yi na bari ya kai haka ba, ni ma ban ɗaga kai ba. Ya fita ya tada janareton a gindin darbejiya, ya ja waya ta taga, kukan batir ya tsaya.

Aikin farko shi ne rage wa faifan wahala. Na sa Malam Lawal ya rufe kwamfutar ofis, don duk dannawar da ya yi tun safe mutum ɗaya ya ƙara a layi. Sannan na bi ayyukan ɗaya bayan ɗaya, ina karanta sunan kowanne, ina sallamar wanda ba dole ba. Akwai mai jera sunayen fayil, akwai mai rubuta rahoton awa-awa, duk na ce su je su huta. Wasu suka tafi, wasu sun riga sun sandare ba sa jin kira. Na kwance murfin gefe, muka kawo fankar ofis muka saita ta a kan faifan, na jiƙa ɗankwalin na rataya a taga. Layi ya sauko daga sha huɗu zuwa biyar. Na jona faifaina na ko-ta-kwana.

Malam Lawal ya matso, yanzu a hankali yake magana. Ya ce, "Hajiya, in ba duka za a samu ba, akwai hirar wani dattijo da ya san tarihin garuruwan nan kaf. Shi ma ya rasu. Gara a fara da shi." Gaskiya ya faɗa, kuma har yau in na tuna hirar nan ina jin ciwo. Amma na ce masa, "Malam, ban san mutum nawa faifan nan zai ba ni ba. In ɗaya ne, to ga mai shi can a kan benci." Ya kalli baranda, sannan ya ce, "Fara da nata."

Na leƙa na ce, "Inna, yaya sunan maigidan?"

Sai kawai ta gyara zaman kwanon a cinyarta. Sai kunya ta kama ni. Ni da na tashi a gidan da uwata har ta koma ga Allah ba ta taɓa furta sunan babana ba, ni ce nake tambayar tsohuwa sunan mijinta. Malam Lawal ba shi ya je hirar ba, wanda ya je kuma wayarsa a kashe. Malaman nan da sunan mutum kaɗai suke ajiye hira a ƙarƙashin garinsu, kuma ba ni da halin buɗe su ɗaya-ɗaya in saurara, kowace buɗewa daga ran faifan take fita. Na nemi jerin sunayen Babban Mutum kawai. Sai da aka yi minti shida ya fito, sunaye tara.

Malam Lawal ne ya san dabarar. Ya kwafi sunayen a bayan jaridarsa, ya fita ya zauna a ƙarshen bencin, ya fara karantawa a hankali kamar mai kiran rajista a aji, yana tsayawa bayan kowane suna. Na farko, tana kallon darbejiya. Na biyu, na uku, har na biyar, ko motsi. Da ya ce, "Ibrahim Dogo," sai ta jawo gefen mayafi ta rufe baki, ta sunkuyar da kai. Ya juyo ya gyaɗa min kai, na buga umarnin kwafi.

Daga nan babu sauran gwaninta, sai zama. Na raba allon biyu, gefe guda ina kallon girman fayil ɗin yana rarrafe, ɗaya gefen lambobina suna ƙiftawa duk daƙiƙa uku. Ban sani ba ko kun taɓa zama ku kalli abu ɗaya na awa uku. Bayan wani lokaci lambobin sukan daina zama lambobi. Janareto yana gurnani can nesa, fanka tana juya kai, iskar jiƙaƙƙen ɗankwali tana zuwa tana komawa, wata kurciya ta sauka a taga tana ta maimaita abu ɗaya. Sai na riƙa ganin su a raina, duk mutanen da ke cikin faifan nan, zaune a kan tabarmi a wani dogon zaure mai duhu. Ga maƙeri da hannunsa mai kanta, ga ungozoma ta jingina da bango, ga dattijon tarihi yana jan carbi, kowa da maganarsa a baki, ba mai tsallake wani. Ƙofar fita ƙarama ce, kuma wani dogon mutum da ban taɓa gani ba yana sunkuyawa yana ƙoƙarin ratsowa ta cikinta. In lambar jira ta sauko saba'in sai in ce ya ɗaga ƙafa. In ta koma casa'in sai in ce ya tsaya ya huta.

Aka kira azahar. Oga Chidi ya zauna min gaban allon na yi salla a baranda, na dawo na karɓe shi. Can sai ga Inna a bakin ƙofa, ta kwance kwanonta, ashe fura ce ta damo mana tun daga gida. Ta miƙo min ludayi, ta tsaya tana kallon akwatin ƙarfen da fitilunsa.

Ta ce, "Yana ciki?"

Na ce, "Yana ciki, Inna. Yana fitowa, amma a hankali."

Ta ce, "Dama shi ba ya sauri."

Ta koma bencinta. Na sha furar nan hawaye na neman zubo min, don tsoro nake ji, kuma na san in abin ya ƙi, ni ce sila.

Gab da la'asar na ga lambar jira ta hau har ta kusa ɗari ta kafe. Na ɗora kunne a sukundireba. Ƙas ɗaya na ji, sai wani siririn sauti yana raguwa, sai shiru. Na ɗago na kalli allo. Umarnin kwafi ya rubuto cewa ya kasa karantawa, ya tsaya. Layin ya fara watsewa, biyar, uku, ɗaya. Lambar jira ta faɗo sifiri, lambar hutu ta hau casa'in da tara. Duk wanda ya shigo a lokacin ya buga haruffan nan uku zai rantse babu injin da ya kai wannan lafiya a duk faɗin Daura, alhali babu sauran abin da za a jira ne. Shi ya sa nake takura muku da littafi, nake sa ku rubuta ƙaramar lambar nan safe da yamma kuna tsaki. Faifan dai daga baya har Kano aka kai shi wurin masu gyara, bai sake cewa komai ba. Maƙerin, da ungozomar, da dattijon tarihi, duk sun tafi da shi.

Na duba abin da ya tsallako cikin faifaina. Hirar kusan awa guda ce, abin da na samu minti huɗu ne da 'yan daƙiƙu. Na ɗauki kwamfutar na fita baranda na durƙusa a gabanta. Na ce, "Inna, ki yafe min. Farkon kawai na samu, sauran ya tafi, kuma sakacina ne." Ta ce, "Kunna mu ji."

Na kunna. Da farko iska ce kawai da kukan zakara, da motsin tabarma. Sai wani ya yi gyaran murya, murya mai kauri, marar gaggawa. Ya ce, "Abin ya fara ɗauka ne?" Malamin ya ce ya fara. Ya ce, "To, madalla." Suka shiga gaisuwa, ya hanya, ya iyali, ya zafi, ya mutanen Daura, ya tambayi lafiyar wani da suka sani tare, aka yi dariya. Ya ba da labarin yadda akuya ta cinye masa igiyar guga. Minti uku suka tafi a haka. Ina kallon layin lokaci yana cinyewa, Malam Lawal yana murza hula a hannu. Inna kuwa ta rufe ido, tafin hannunta biyu a kan kwano.

Sai muryar ta ɗan yi nisa, kamar ya juya kai wajen cikin gida. Ya ɗaga ta kaɗan ya ce, "Tasalla. Ke Tasalla, a kawo wa baƙi ruwa mana."

Tsohuwar nan da ke gabana ta ce, "Na'am, Malam," har ta dafa benci za ta miƙe.

Daga cikin kwamfutar, can nesa, wata murya ta ce, "Ga shi nan zuwa." A nan fayil ɗin ya ƙare.

Oga Chidi ya juya ya tafi wajen janaretonsa yana gyara abin da bai lalace ba. Can Malam Lawal ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Ko maganar geron ba a kai ga farawa ba."

Inna ta koma ta zauna sosai, ta share fuska da gefen mayafi. Ta ce, "Geron ai na san shi, Malam, tare muke zaɓar zangarniya shekara da shekaru. Tun da aka fita da shi, kowa Inna yake ce min." Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, mayar da shi baya."

Na mayar. Sau biyar na mayar kafin in sa mata a memori, kuma duk lokacin da ya kira sai ta amsa.